Ƙwai a Kwanon Maigida

A kwatas ɗin leburorin reluwe na Kafanchan, a shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa, namiji ba ya cin tuwon yamma a ɗakinsa. Akwai wani mangwaro a tsakiyar fili, da bencina da muka haɗa da tsofaffin katakan layin dogo. In an tashi daga aiki, kowa ya watsa ruwa, sai mu zauna a can. Matar kowa ta kawo kwanon mijinta ta ajiye ta koma. A buɗe kwanoni, a sa hannu a na wannan, in ya ƙare a jawo na wancan. Ciyayya ke nan. Daga ƙauyuka daban-daban muka fito, kowa da yarensa. Hausa ce ta haɗa mu, ita da wannan tuwo.

Ni aikina gyaran layi ne, da diga da shebur. Makarantar mishan na yi, ban gama firamare ba, amma ina karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, ina kuma iya rubuta abin da nake rubutawa yanzu.

Helmanmu, wato shugaban leburori, shi ke ɗaga murfin kowane kwano, shi ke raba abin da ke kan miya. Wannan ɗaga murfi shi ne abin da na fi tsoro a duniya. A shekarar da na yi aure, wata rana aka buɗe nawa, miyar rama ce zalla, ko kan kifi babu. Akwai wani fayaman, mai zuba wa jirgi kwal, dogo mai bakin tsiya. Ya leƙa kwanon ya leƙa fuskata.

"Kai, ɗan Jaba," ya ce, "a gidanka akuya ne ya yi girki?"

Aka kwashe da dariya. Daga ranar suka sa mini suna Mai Ganye. In na wuce ta loko, inda ake gyaran jirage, sai in ji wani ya yi kukan akuya. Na shiga ɗaki na ce wa matata daga yau duk abin da ya taɓa yin numfashi, in ya shiga tukunya, a kwanona zai fita. Ba ta yi musu ba, don a gidan ubanta ma haka ake yi. Nama sai ƙarshen wata. Sauran kwanaki kajinta ne suka rufa mini asiri. Tana da kaji a bayan ɗaki, kullum ta dafa ƙwai ta ɓare ta ɗora a kan miya. Sunan nan ya mutu. Har helma ya fara cewa a fara da kwanon ɗan Jaba.

Yarinyata ta fari tana tafiya daɓa-daɓa, ba ta cika shekara biyu ba, sai uwarta ta sake samun ciki. A wurinmu an ce nonon mai ciki yana lalata yaro. Aka yaye ta rana ɗaya. Na aika ƙauyenmu, can bayan Kwoi, uwata ta hawo mota da buhun acca da ƙullin citta, ta zo ta riƙe yarinyar.

Dole in faɗi ko wace ce uwata, don kada a ga kamar ita nake ɗora wa laifi. Ubana ya mutu ina goye. Ita ta yi noman da ya ciyar da ni, ita ta ɗauki itace a ka zuwa kasuwa. Ban taɓa ce mata a'a ba, ban ma san yadda ake fara faɗa ba. Ta kuma ƙaunaci jikarta fiye da yadda na ƙaunace ta. A bayanta yarinyar ke wuni. Da sassafe ta dama mata kokon dawa, da rana koko, da yamma ta gutsuro tuwo ta dangwala a ruwan miya ta sa mata a baki. Cikin yarinyar bai taɓa zama ba komai ba. Amma uwata tana da dokokinta, waɗanda ita ma gada ta yi. Yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo, don zai fara da bin kaza har akurki. Nama yana sa yaro kwaɗayi da tsutsar ciki. Wake yana kumbura ciki.

Da damina ta yi nisa, kumatun yarinyar suka cicciko. Ƙafafunta suka yi ɓul-ɓul, fata tana sheƙi. Na yi murna. Ran Lahadi bayan sujada na ɗauke ta a kafaɗa ina zagaya harabar majami'a, mata suna cewa, "Kai, yarinyar nan ta yi ƙiba! Hannun kaka ya karɓe ta." Uwata tana murmushi. Ban lura ba cewa yarinyar ta daina bin kaji da gudu. Inda aka ajiye ta nan za a same ta. Ba ta kuka sosai, sai wani ɗan nishi mara ƙarfi. Na ce ta yi hankali. Gashinta ya yi ja-ja, ya yi laushi. Na ce gadon dangin uwarta ne.

A cikin masu ciyayya akwai wani tsohon soja da aka ɗauka gadi bayan an sallame shi. Ba shi da yawan magana. Wata yamma na fito da yarinyar don a yaba, na zaunar da ita a cinyata. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙo hannu ya shafa kanta, gashi ya biyo yatsunsa.

"Ɗan'uwa," ya ce, "na ga irin wannan a Gabas. Yara da yawa. Kwashoko ne. Ka kai shi asibiti."

Duk mun ga hotunan yaran nan lokacin yaƙi. Na san ciwon yunwa ne. Jinina ya tafasa. A gaban helma, a gaban fayaman, mutum ya ce akwai yunwa a gidana?

"Soja," na ce, "nan ba bakin daga ba ne. Buhun dawa yana ɗaki, buhun acca yana ɗaki. Ka je ka duba."

"Bar shi," in ji fayaman, "tun da aka harba bindiga kusa da kunnenshi, ko kabewa ya gani sai ya ce bam ne."

Aka yi dariya, har da ni. Tsohon soja ya wanke hannu ya ci tuwonsa.

Matata ce ta ji maganar daga bakin ƙofa. Ba ta tambaye ni ba. Ranar awon cikinta ta ce za ta tafi da yarinyar don ta sha iska. Akwai wani ƙaramin asibitin mishan a bayan gari, can take zuwa. Ta dawo idonta ja, ta ce Sista, ma'aikaciyar jinyar wurin, ta ce lallai in zo da kaina.

Na je da kakin aikina. Sista 'yar ƙasarmu ce, gajera, muryarta ta fi ta girma. Mata sun cika benci a baranda, ni kaɗai ne namiji. Ta ɗora yarinyar a tebur, ta kama babban yatsana ta danna shi a kan ƙafarta, ta ce in ɗaga. Na ɗaga. Rami ya zauna a wurin, kamar an danna tuwo. Na tsaya ina jira ya ciko. Bai ciko ba.

"Maigida, wannan ƙiba ce?" ta ce. "Ruwa ne. Me take ci?"

Na ce tana ci sosai. Koko, tuwo, wani lokaci rogo.

"Na ga kakin reluwe. In an zuba wa jirgi kwal, yana tafiya?"

Na ce yana tafiya.

"Da kwal ake ƙera tarago?"

Na ce a'a, da ƙarfe.

"To. Koko da tuwo da rogo da doya kwal ne. Suna ba da ƙarfin tafiya. Kai an gama ƙera ka, in ka ci tuwo zalla za ka ɗauki diga. Wannan kuwa ana cikin ƙera ta ne kuka ɗauke ƙarfen. A da nono ne, kun cire. Me kuka sa a madadinsa? Abin da ke gina jiki shi ne ƙwai, wake, gyaɗa, kifi, nama, madara. Ganye da gwanda da mangwaro kuma su ne man da kuke ɗiga wa inji don kada ya yi tsatsa, su ke tsare jiki daga ciwo. Duk ukun sai sun haɗu a cikin yaro kowace rana. Ba magani nake cewa ka saya ba. Kuna da kaji?"

Matata ta ce akwai.

"Suna ƙwai?"

"Suna yi."

"Wa ke ci?"

Matata ta sunkuyar da kai. Wata tsohuwa a ƙarshen benci ta ce, "Sista, kina tambaya? Dubi wuyan shi mana!" Baranda ta ɗauki shewa. Sista ba ta yi dariya ba. Ta ce ƙwai ɗaya kullum, a murje a koko. A daka ƙuliƙuli ko soyayyar gyaɗa a zuba. A dafa wake ya yi luguf a cire ɓawo. Ta ce in ba a yi ba, fatar za ta fara saɓulewa, gudawa ta biyo, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

Daga wannan rana ba ni da sauran uzurin rashin sani. Abin da ya sa nake rubutun nan ke nan. Duk abin da ya faru kafin ranar, zan iya cewa duhun kai ne. Na bayanta kuwa da idona buɗe na yi shi.

A hanya na shirya maganar da zan faɗa wa uwata. Na same ta tana tankaɗe garin koko. Na durƙusa na fara, da yarenmu, na ce likita ta ce a ƙara wa yarinya ɗan abu kaɗan. Ta tambaya wane abu. Na ce ƙwai. Ta ajiye rariya.

"Kai, wa ya ba ka ƙwai kana yaro?" ta ce. "Ga ka nan kamar bishiya. Ka taɓa sata? Yarinyar da aka haifa jiya, don ta sa farar riga, ita za ta koya mini renon yaro? In kun ga ina kashe muku 'ya ne, ka sa ni a mota gobe. In ya so matarka ta haihu a hannun farar riga."

Ta ja zane ta share ido. Na ce, "Mama, ba haka nake nufi ba." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Na tashi.

Matata ta yi iya ƙoƙarinta. In ta faki ido sai ta barbaɗa garin ƙuliƙuli a koko. Amma cikinta ya tsufa, ga ɗan gonarmu a gefen layi, ga ɗiban ruwa, yarinyar kuma a bayan kakarta take wuni. Uwata ta ɗanɗana kokon wata rana ta zubar wa kaji. Ƙwai kuwa ita ke shiga akurki da safe ta kwaso, ita ke ɗorawa a kwanona da hannunta, tana cewa ɗanta na aikin ƙarfi.

Haka na zauna a tsakiya. In na juya nan uwata, in na juya can mangwaro. Da safe in danna ƙafar yarinyar a ɓoye, in ga ramin, in ɗauki diga in fita. Ina buga dutse a layi ina cewa yau zan yi magana. Da yamma a ɗaga murfi, ga ƙwai a kan miya, helma ya raba, in karɓi rabona in haɗiye. Ran Lahadi in rera waƙa a majami'a da ƙarfi. Na yi addu'a Ubangiji ya warkar da ita, alhali na san inda maganin yake, don ni nake cinye shi.

Sau ɗaya na gwada. Ranar helma ya ce tunda kwanona ne, in ɗauki guda sukutum. Na yi kamar zan kai baki, na zura shi a aljihun kaki. Nufina in an tashi in ja yarinyar bayan ɗaki in ba ta. Ban tuna da manja ba. Kafin a gama kwano na biyu, jan tabo ya fito a ƙirjina.

Fayaman ne ya fara gani. "Jama'a, an harbi ɗan Jaba!" Ya kai hannu ya dafa aljihun. "A'a! Aljihu ya yi ƙwai! Helma, ka ga ikon Allah, mutum yana satar ƙwan kansa."

"Madam ne ya aiko ka?" in ji wani. "Ya ce ka dawo mishi da canji?"

"Ko yarinya za ka kai wa? Ka bari soja ya tsorata ka?"

Nan ne wurin. Kalma ɗaya ce, i. Da na faɗe ta, da na tashi na taka zuwa ƙofata, ba nisa. Yarinyar tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofar, inda aka ajiye ta, fuskarta a kumbure har idanun sun ƙanƙance, tana kallon wajenmu. Uwata tana bayanta tana tsinke rama.

Na yi dariya. Na ce, "Ku dai ba ku san daɗi ba. Na ajiye ne in rufe baki da shi." Na ciro ƙwan, da zaren aljihu a jikinsa, na jefa a baki. Aka tafa mini. Na kora da ruwa. Tsohon soja ya tashi bai gama ci ba.

Ba a daɗe ba abin da Sista ta faɗa ya zo, bi da bi, yadda ta jera shi. Fatar cinyoyin ta yi duhu ta fara ɓarewa kamar tsohon fenti. Gudawa ta kama ta. Ta daina karɓar ko kokon. Uwata ta ce iska ce, ta dafa saiwoyi ta yi mata wanka.

Wata safiya na fito zan tafi aiki na tarar da matata a bayan ɗaki da babban kwando. Tana kama kajin ɗaya bayan ɗaya tana ɗaure musu ƙafa. Ga ciki a gaba, ga yarinyar ta karɓe ta ta goya a baya. Tun da muka yi aure ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Baban yarinya," ta ce, "kajin nan daga gidanmu na zo da uwarsu. Zan tafi da su asibiti. Akwai rumfar da mata ke girki, Sista ta ce in zo mu zauna. Kai ka ji da abokanka."

Uwata ta fito tana faɗa da yare, tana kallona, tana jira in hana. Matata ma ta tsaya kaɗan, ina jin jira take in ce kawo in ɗaukar miki kwandon. Ban hana ba, ban ɗauka ba. Na ce zan makara. Tsohon soja, da ke dawowa daga gadi, shi ya ɗora kwandon a kekensa ya bi ta a baya.

Don haka kada wani ya ce na tuba na daina cin ƙwai. Kwashe kajin aka yi.

Da yamma uwata ta yi tuwon dawa da miyar rama, ba komai a kai. Na ɗauki kwanon da kaina zuwa gindin mangwaro. Helma ya ɗaga murfi. Fayaman ya leƙa.

"Mai Ganye ya dawo daga hutu," ya ce.

Mutum biyu suka yi 'yar dariya. Helma ya gutsura ya dangwala, ya ce tsohuwa ta iya daddawa. Aka cinye tas. Sai hira ta koma kan wani jirgin kaya da ya sauka daga layi a wajen gari. Shi ke nan. Washegari ma ba wanda ya sake ɗaga maganar. Na zauna da hannuna a cikin ruwan wanki ina jiran sauran abin da nake tsoro, bai zo ba. Babu saura. Saboda wannan ne na bar 'yata ta kai bakin kabari.

Ta daɗe a asibiti. Kumburin ya fara sauka, sai ga ainihin yarinyar ta fito, ƙashi da fata, hannu kamar karan dawa. Ranar da na ga haka na fita bayan rumfa na yi kuka. Sista ta same ni ta ce wannan ramar alheri ce, yanzu za a fara gini. Madara da cokali, sannan koko da ƙwai, sannan faten wake. A can matata ta haifi ƙanin yarinyar. Wata rana na je da yamma na tarar yarinyar ta rarrafa ta kama jelar kaza tana ja. Baƙin gashi ya fara tsirowa a ƙarƙashin jan.

Uwata ba ta jira dawowarsu ba. Ta ce ba a bukatarta. Na raka ta tashar mota, ba ta yi mini magana ba har mota ta tashi. Daga baya mun shirya, amma har ta koma ga Ubangiji tana cewa wankan saiwar nan ne ya yi aiki a hankali. Ban taɓa yi mata gardama ba.

Yarinyata ta rayu. Amma ba ta kai tsawon uwarta ba, ƙannenta duk sun wuce ta tun suna firamare. Karatu ya yi mata nauyi. Za ta zauna da littafi har ta yi gumi, gobe a tambaye ta ya gudu. Malamai suka ce ba ta da kai. Na taɓa komawa wurin Sista na tambaye ta ko abin nan ne. Ta ce ba wanda zai iya rantsewa, amma ƙwaƙwalwa ma a shekarun nan ake ƙera ta. Ban ƙara tambaya ba. Ƙannenta kowa ya ci ƙwai tun yana rarrafe, ba wanda ya yi sata.

Yanzu tana aure a Kwoi, suna noman citta, tana da 'ya'ya masu ƙoshin lafiya. Uwarta ta gaya mata ta yi ciwo tana ƙarama, iyakar abin da ta sani ke nan. Maganar aljihu ba ta sani ba. Na faɗa wa fasto, na faɗa wa Allah, ita ce ban iya faɗa wa ba.

In na je gidanta, takan sa a kama kaza. Ta kawo kwano da murfi, ta durƙusa ta ajiye a gabana. In ɗaga murfi, ga cinya, ga ƙirji, ga dafaffen ƙwai a kan miya. Sai in kira jikoki in ce su zo mu ci. Ita kuma ta kore su.

"Ku bar Baba ya ci abincinsa. Kun ci naku." Sannan ta juyo gare ni. "Baba, ka ci mana. Don kai na dafa."

Takan zauna a bakin ƙofa tana kallona, don ta ga ko ya yi mini daɗi. Ni kuwa in ɗauki ƙwan.